Daga Rinji Zuwa Duniyar Taurari: Bauta, Aikin Tilas da Ƙagaggen Labarin Kimiyya a Madubin Tsafe

Kalmar fansa tana cikin kalmomin da suka fi yawo a bakin mutanen Tsafe da Gusau da Bunguɗu a 'yan shekarun nan. Ana jin ta a tashar mota, ana jin ta a masallaci bayan an sallame salla idan wani ya miƙe neman taimako, ana kuma jin ta a labaran rediyo safe da yamma. Shekaru 150 da suka wuce kalmar tana nan, kuma ma'anarta ba ta yi nisa da ta yau ba: dukiyar da dangi ke haɗawa domin su karɓo ɗan'uwansu da aka kama a hari, kafin a yi nisa da shi zuwa kasuwar da ba a san shi ba. Harshe ya adana kalmar, kuma zamani ya dawo mata da aikinta. Wannan maƙala tana da ra'ayin cewa ƙagaggen labarin kimiyya, wanda manazarta Hausa da dama ke ɗauka a matsayin abin nishaɗin yara, yana cikin sassan adabi da suka fi dacewa da ɗaukar wannan batu mai nauyi. Sharaɗin kawai shi ne marubucin ya ɗebo siffar bautar daga tarihin gida, kada ya aro ta daga Amurka ko Turai.

Bauta a tushen labarin kimiyya

Dangantakar wannan nau'in adabi da aikin tilas tsohuwa ce. Kalmar da Turawa ke kiran saƙago ko mutum-mutumi da ita ta shigo duniya ne ta wasan kwaikwayon R.U.R. na Karel Capek, wanda aka buga a 1920 aka fara nunawa a 1921. Asalinta robota, kalmar harshen Cek mai nufin aikin dole da talaka manomi ke yi wa mai ƙasa, wanda aka soke a daular Ostiriya a 1848. Ke nan tun ranar da aka raɗa wa saƙago suna, sunan bawa aka ba shi. A wasan, an ƙera waɗannan halittu domin su ɗauke wa ɗan'adam wahalar aiki, daga ƙarshe suka yi tawaye suka hallaka masu ƙera su. A fim ɗin Blade Runner na 1982, wanda aka gina a kan littafin Philip K. Dick na 1968, ƙerarrun mutane ne ake tura su aikin bauta a wasu duniyoyi, an kuma ƙayyade musu rayuwar shekara 4 kacal domin kada su daɗe har su yi tunanin kansu. Ita kuwa Octavia Butler, a littafinta Kindred na 1979, ta ɗauki wata baƙar fata daga Amurkar 1976 ta mayar da ita gonar bayi a Maryland a farkon ƙarni na 19, inda ta sami kanta tana ceton ran wani mai bayi saboda shi ne kakanta.

A adabin Hausa kuwa, batutuwan biyu sun tashi ne a gidaje daban-daban. Bauta ta samu mazauni a Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933: yaro aka sace, aka ƙetara Hamada da shi, mahaifiyarsa ta fita nemansa ita ma ta faɗa hannun masu bautarwa. Labarin kimiyya kuma ya samu mazauni a Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da ɗan'adam ya taka wata, inda yaro Kilba ya yi yawon buɗe ido a sararin samaniya. Na farko ya kalli baya da idon alhini, na biyu ya kalli sama da idon ilmantarwa. A tsakaninsu akwai fili mai faɗi da ke jiran masu noma shi. Littattafan yaƙi da na aljanu da suka cika kasuwar Kano sun zo kusa da wannan fili, domin a cikinsu akwai hadiman zobe da rundunonin aljanu masu gina birni a dare ɗaya. Sai dai da wuya a tsaya a tambayi aljanin ko ya gaji, ko kuma wane ne ya ɗaure shi da zoben tun farko.

Hawa uku na tarihin Tsafe

Yankin Tsafe yana da abin da marubuci ke buƙata, hawa-hawa kamar zanen da ruwa ke bari a gaɓar kogi. Hawa na farko shi ne ƙarni na 19. Tsohon garin 'Yandoto, wanda ya yi suna da malamai da karatu, ya watse a farkon shekarun jihadi, kuma har yau sarautar Tsafe tana ɗauke da sunansa. Gusau ta kafu a hannun Malam Sambo Ɗan Ashafa a ƙarƙashin tutar Sakkwato. Wannan yanki ya zama bakin iyaka tsakanin Daular Usmaniyya da Katsinawan da suka koma Maraɗi, kuma mazaunin bakin iyaka shi ne abincin mahara daga kowane ɓangare. Malamai sun yi magana a kan wannan haɗari tun da daɗewa. Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta a 1615 cewa mutanen Kano da Katsina Musulmi ne da bai halatta a bautar da su ba, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma ya lissafa bautar da 'ya'ya Musulmi a cikin haramtattun abubuwa. Duk da haka, Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, a littafinsu na 1993, sun ƙiyasta cewa a ƙarshen ƙarnin akwai bayi tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2.5 a faɗin daular. Dokar Lugard ta 1901 ta 'yanta yaran da aka haifa daga watan Afrilun wannan shekara, amma ba a soke bautar kanta a Arewa ba sai 1936.

Hawa na biyu shi ne na Turawan mulkin mallaka, waɗanda suka shigo da tutar kashe bauta a hannu ɗaya, aikin tilas a ɗaya hannun. Michael Mason ya nuna yadda aka gina layin dogo na Baro zuwa Kano da ƙwadagon da ake karɓowa ta hannun sarakuna da hakimai, kowace gunduma da adadin mutanen da aka yanka mata. Layin da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua da Tsafe da Gusau ya isa Ƙaura Namoda a 1929, shekara ɗaya kafin yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1930 kan aikin tilas, ya kuma zama hanyar kwasar gyaɗa da auduga zuwa bakin teku. Da Japan ta mamaye Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai aka juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 an kwashi dubun-dubatar talakawa daga lardunan Arewa zuwa ramukan kuza, inda sanyi da cuta da ƙarancin abinci suka kashe da dama. Bahaushe ya raɗa wa abin suna ɗiban gwamna, kamar yadda ake ɗiban hatsi a rumbu.

Hawa na uku shi ne wanda ake ciki. Kafafen yaɗa labarai sun sha kawo rahoton ƙauyukan Zamfara da 'yan bindiga ke ɗora wa haraji kafin a yi shuka da kuma kafin a yi girbi, da waɗanda ake tilasta wa mutanensu fita su nome gonakin jagororin daji su bar nasu. A siffa abin ya yi kama da gayya, sai dai babu makaɗi, babu fura, bakin bindiga ne ke kiran mutane. Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya bayyana yadda waɗannan gungu suka kasa dazuzzuka a tsakaninsu a nazarinsa na 2021. A watan Yulin 2022 aka naɗa Ado Aleru, wanda 'yan sandan Jihar Katsina suka taɓa shelar nemansa, sarautar Sarkin Fulani a 'Yandoton Daji, abin da ya sa gwamnatin jiha ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin. A watan Satumban 2023 aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga masaukansu a Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu. Ga kuma zinare a ƙarƙashin ƙasa, wanda gubar darmarsa ta kashe yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010. A watan Satumban 2021 har layukan sadarwa aka katse a jihar baki ɗaya, al'umma ta koma kamar tsibirin da aka yanke daga sauran duniya. Marubucin kimiyya na wata ƙasa sai ya wahalar da tunaninsa kafin ya ƙago irin wannan yanayi.

Abin da siffar aro ke ɓoyewa

Bautar da finafinan Amurka suka saba nunawa tana da layi ɗaya miƙaƙƙe: launin fata ya raba bawa da ubangida, ko kuma, a labarin kimiyya, ɗaya mutum ne ɗaya na'ura. Tambayar da labarin ke juyawa a kanta ita ce ko bawan yana da rai da hankali irin na mai shi. A ƙasar Hausa ba a nan gizo ke saƙar ba. Babu wanda ya yi shakkar cewa bawa mutum ne. Yana iya zama mai salla a sahu ɗaya da ubangidansa, mai magana da harshe ɗaya. Abin da aka ƙwace masa shi ne dangi da asali. Harshen kansa ya nuna haka, domin kishiyar bawa ita ce ɗa, kuma daga nan aka samo 'yanci, ko ɗiyauci a bakin Zamfarawa da Sakkwatawa. Mai 'yanci shi ne wanda ke da waɗanda za su neme shi idan ya ɓata.

Bugu da ƙari, bautar tana da matakai. Akwai sabon kamu, akwai bacucane da aka haifa a gida, wanda sayar da shi abin kunya ne. Akwai mazauna rinji, waɗanda Baba ta Karo ta bayyana wa Mary Smith rayuwarsu a littafin da ya fito a 1954, suna noma gandun ubangida wani sashe na yini, sannan su koma gayaunarsu. Mohammed Bashir Salau ya yi nazarin irin waɗannan gandaye a Fanisau kusa da Kano. Akwai sa-ɗaka, wadda ɗanta ɗa ne har yana iya hawa gadon sarauta. Akwai bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a Kano, waɗanda Sean Stilwell ya nuna cewa ikonsu ya kan zarce na 'ya'ya da yawa. Sannan akwai murgu, wato kuɗin da bawa ke biyan ubangidansa domin a bar shi ya yi sana'ar kansa. Wannan tsari ya fi sarƙa da bulala dabara, domin yana sa wanda aka zalunta ya riƙa lissafin ribarsa a cikin zaluncin, ya kuma ga cewa gudu asara ce.

A nan ne amfanin labarin kimiyya yake. A ƙaddara wani matsuguni a wata duniya mai nisa, inda ake haƙar wani ma'adani mai daraja. Babu mai sanye da mari a ƙafa. Kowane ma'aikaci yana biyan kuɗin iskar da yake shaƙa duk mako, idan ya biya, sauran ranakun nasa ne. Masu kamfanin ba su taɓa sauka ba. Wani dattijo daga cikin ma'aikatan ne ake aika wa adadin mutanen da ake buƙata a rami mafi haɗari, shi ne zai zaɓi ɗan wa zai tafi, kuma idan ya ƙi, matsugunin duka za a rufe wa iska. Yaran da aka haifa a can doka ta ce 'ya'ya ne, amma babu jirgin da zai kai su ko'ina. Manomin Tsafe ba ya buƙatar mai yi masa sharhin wannan labari. Ya san murgu ko da bai san sunansa ba, domin ya biya kafin ya shiga gonarsa. Ya san dattijon nan, domin ya ga mai unguwa yana bi gida-gida yana tara kuɗin da aka yanka wa gari, yana kuka a zuci. Wannan mai tsaka-tsakin, wanda ya bayyana a zamanin ɗiban gwamna ya sake bayyana a yau, shi ne tauraron da adabin Hausa bai gama rubutawa ba.

Dalilin fakewa a bayan taurari

Mai karatu na iya tambayar abin da ya hana a rubuta labarin kai tsaye, da sunan garin da shekarar. Dalilai biyu ne. Na farko, asalin bauta magana ce da ake rufewa. A garuruwa da dama an san gidajen da suka fito daga rinji, ana raɗa maganar a lokacin neman aure, amma ba a faɗa a fili, kuma marubucin da ya ambaci unguwa ko zuriya ya tono abin da zai raba zumunci. Na biyu, wanda ke zaune a Tsafe ko Kwatarkwashi ba shi da kariyar da zai kira sunan mai bindiga ko mai kai masa rahoto, alhali gobe zai bi hanyar Funtua. Adabin Hausa ya daɗe da sanin maganin irin wannan hali. Tatsuniya ta sa Gizo da Kura da Zaki sun ɗauki laifin masu mulki, habaici da zambo kuma sun ba mai rauni damar faɗin gaskiya ba tare da kama suna ba. Duniyar taurari sabon dajin tatsuniya ce, kuma tana da fifiko guda: tana tilasta wa marubuci ya bayyana yadda tsarin ke aiki, wane ne ke samar da abinci, wane ne ke riƙe da makami, ina ribar ke tafiya.

Akwai ƙorafe-ƙorafe biyu da suka cancanci a saurare su. Na farko shi ne cewa wasa da jiragen sama jannati a lokacin da ake binne mutane rashin tausayi ne. Wannan gaskiya ne idan labarin ya zama mafakar gudun gaskiya, amma Kindred ta nuna cewa ƙagen da ya fi kowane nisa da hankali yana iya kai mai karatu kusa da ciwon fiye da littafin tarihi. Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Labarin kimiyya yana da ɗabi'ar mayar da azzalumi wata halitta daban, mai wani jini da wata siffa. Idan marubucin Hausa ya bi wannan hanya, masu karatu za su fassara baƙin halittun da sunan wata ƙabila, labarin ya zama fetur a kan wutar da ke ci tsakanin manoma da makiyaya. Tarihin yankin ya ƙaryata wannan sauƙaƙawa. A ƙarni na 19 an yi kamu daga kowane ɓangare. A yau akwai makiyayan da aka kore wa shanu, akwai yaran da aka tashe su a daji ba su san wata sana'a ba sai bindiga, akwai waɗanda 'yan sa-kai suka kashe ba tare da shari'a ba, akwai kuma masu cin riba da ke zaune a birni cikin manyan riguna. Labarin da ya cancanci Tsafe shi ne wanda bawa da ubangida za su kasance jinsi ɗaya, har mai karatu ya kasa tabbatar da ɓangaren da kakansa zai tsaya.

Aikin da ke gaban manazarta

Nauyin bai tsaya a kan marubuta kaɗai ba. Sassan koyar da Hausa a Sakkwato da Kano da Zariya da Katsina da Gusau suna da rawar takawa ta fuska uku. Ta farko ita ce tattara kalmomin bauta da ƙwadago daga bakin tsofaffi, musamman a karin harshen Zamfara, tun kafin gudun hijira ya watsa masu riƙe da su. Ƙauyen da ya tashi yakan tafi da sunayen gonakinsa da labarin waɗanda suka share su. Ta biyu ita ce a daina koyar da Shaihu Umar a matsayin labarin abin da ya wuce ya ƙare. Ɗalibin da aka taɓa haɗa wa kuɗin fansa, ko ya ba da gudummawa aka karɓo abokinsa, yana karanta tafiyar mahaifiyar Umar da wani ido daban, kuma ya kamata aji ya ba wannan karatu wuri. Ta uku ita ce a buɗe wa labarin kimiyya ƙofa a manhaja da kundayen digiri, a auna shi da ma'aunin jigo da salo da zubi kamar sauran rubutun zube, domin marubuta matasa da ke sakin labaransu a WhatsApp da Wattpad su san cewa akwai masu duba aikinsu da idon basira.

Akwai kuma dalilin da ya shafi gobe. Na'urori masu ƙirƙirarriyar basira sun fara magana da Hausa, kuma ba da jimawa ba Bahaushe zai buƙaci kalmomin da zai bayyana dangantakarsa da su, da kuma halin mutanen da ke haƙo ma'adanan da ake ƙera su da shi. Harshen da ya bambanta bawa da bara da bacucane da yaron gida, wanda kuma ya yi amfani da kalmar bauta ga ibada da hidimar ƙasa da ƙangi gaba ɗaya, ba zai rasa abin cewa a wannan muhawara ba. Waiwaye adon tafiya ne, in ji masu iya magana. Tsohon layin dogo yana nan kwance a gefen Tsafe, gonakin da ake biya kafin a shiga suna kewaye da garin, kuma yaron da zai rubuta labarin matsugunin nan na wata duniya mai yiwuwa yana cikin waɗanda suka kwana a tashar Gusau bayan an tashi ƙauyensu. Abin da ya rage shi ne idan ya kawo rubutunsa jami'a, ya tarar da malamin da ya san abin da yake karantawa.